Darasin Kimiyya: Daga Zaren Tef Zuwa Rumbun Zamani, Misali Daga Kan Iyakar Jibiya

Fanni: Kimiyyar Kwamfuta
Aji: Babbar sakandare, aji biyu
Batu: Adana kwafin bayanan manyan ma'aikatu
Lokaci: Minti 80
Kayan aiki: Tsohon kaset, rikoda, biro, wayar hannu, maganaɗisun tsohuwar lasifika, allo da alli

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana yadda tef ke riƙe bayani, ya faɗi dalilan da suka sa ma'aikatu ke barin sa wajen ajiyar yau da kullum, ya lissafa lokacin da maido da bayanai ke ɗauka, sannan ya tsara wa ofishin da ke gari irin Jibiya ajiyar da za ta tsira daga ruwa, wuta, ɗaukewar sabis da sharrin masu kutse.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magama. Nan tireloli ke yin layi, direbobi riƙe da takardu, ejan na kai da kawowa tsakanin mai kaya da ofishin kwastan, jami'an shige-da-fice na duba matafiya. Da an wuce sai Ɗan Isa, an shiga ƙasar Nijar. Kowace motar da ta tsallaka tana barin rubutu a bayanta: sunan mai kaya, lambar mota, irin kayan da yawansu, kuɗin fiton da aka biya, rana da lokaci.

A da a manyan littattafai ake rubuta waɗannan abubuwa. Tun shekarun 1980 hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar da manhajar kwastan mai suna ASYCUDA, wadda maƙwabtanmu na Nijar ke kira SYDONIA. Najeriya ta yi shekaru tana aiki da ita, daga baya ta koma NICIS, sai NICIS II, kuma a 2024 ta fara gwada sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a Legas. Wato aikin boda ya koma cikin kwamfuta.

Mutanen Jibiya sun san abin da tsayuwar boda ke haifarwa. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Wancan umarnin hukuma ne. To amma ɓacewar bayanai ma tana iya tsayar da ƙofa: in babu shaidar wanda ya biya da wanda bai biya ba, mota ba za ta motsa ba. Tambayar darasinmu ke nan: ina ake ɓoye kwafin waɗannan bayanai, kuma cikin awa nawa za a iya dawo da su?

Mataki na ɗaya: Mene ne kwafin ko-ta-kwana?

Kwamfuta ba ta san komai ba sai alama biyu, 0 da 1. Kowace alama ana ce mata bit. Bit 8 su ne bait ɗaya, wanda ya isa ya riƙe harafi guda. Bait miliyan ɗaya shi ne megabait, megabait 1,000 gigabait ne, gigabait 1,000 kuma terabait.

Kwafin ko-ta-kwana shi ne kwafi na biyu da ake ajiyewa daban, domin a koma gare shi idan na ainihi ya lalace. Manomi ya riga mu sanin wannan. Hatsin ci yana rumbu, iri kuwa yana wani wuri na musamman, ba a taɓa shi komai yunwa, don shi ne zai dawo da gona bayan asara.

Ku bambanta abu biyu. Akwai kwafin aikin jiya da na makon jiya, wanda ake buƙata da gaggawa idan matsala ta auku. Akwai kuma taskar tarihi, wato takardun shekarun baya da doka ko bincike ke sa a riƙe, waɗanda ba safai ake waiwayar su ba. Wannan bambanci zai dawo mana a gaba.

Ma'aikata kan auna kowane tsarin ajiya da tambaya biyu. Ta farko: aikin awa nawa za mu iya jure rasawa? Idan sau ɗaya ake kwafi da daddare, kwamfuta ta mutu da la'asar, aikin yinin nan ya tafi. Ta biyu: awa nawa za mu iya jure zama babu aiki? Amsar mai motar siminti daban take da ta mai motar tumaki ko albasa da ke tsaye cikin rana.

Mataki na biyu: Yadda tef ke riƙe bayani

Ku dubi wannan kaset. Iyayenku sun saurari wa'azi da waƙoƙin Shata a irinsa, wasu ma sun naɗi murya a ciki sun bai wa direba ya kai wa ɗan'uwa a Maraɗi ko Legas a maimakon wasiƙa. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma asalin fasahar ya girme shi: Bajamushe Fritz Pfleumer ya yi rajistar tef mai maganaɗisu a 1928.

Zaren leda ce siririya da aka shafe fuskarta da ƙananan ƙwayoyi masu ɗaukar maganaɗisu. A tsofaffin tef, tsatsar ƙarfe ce aka niƙe. A na zamani ana amfani da haɗin sinadarin bariyom da ƙarfe. A cikin na'urar akwai kai mai ɗauke da waya a nannaɗe. Idan lantarki ya bi ta wayar, sai ƙarfin maganaɗisu ya taso, ya juya fuskar ƙwayoyin da ke wucewa ƙarƙashinsa. Idan aka juya alƙiblar lantarkin, ƙwayoyin ma su juya. Da wannan juyi ake rubuta 0 da 1. Wajen karantawa, zaren na sake wucewa, kan na'urar na jin inda alƙibla ta sauya, ya mayar da shi lantarki. Ƙwayoyin na zama a yadda aka bar su ko babu wuta, shi ya sa ake iya ajiye tef a kan kanta shekara da shekaru.

Kwamfutar UNIVAC I ta fara amfani da tef a 1951, kamfanin IBM ya biyo baya da na'urarsa mai lamba 726 a 1952. Wanda manyan ma'aikatu suka fi sani a yau shi ne LTO. Na farkonsa a 2000 yana ɗaukar gigabait 100. Na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabait 18 a kan zare mai faɗin rabin inci da tsawon da ya ɗan haura kilomita ɗaya, duk a cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba.

Mataki na uku: Me ya sa ake barin tef?

Dalili na farko shi ne bi-da-bi. Wanda ke neman waƙa ta biyar a kaset dole ya juya zaren ya wuce huɗun farko. Haka tef ɗin kwamfuta yake. Idan takardar mota ɗaya ake nema, sai an nemo akwatin da take ciki, a saka a na'ura, a jira zare ya yi gudu zuwa wurin. Idan akwatin yana ajiye a wani gari, sai an aika an ɗauko.

Mu yi lissafi. LTO na tara na iya karanta megabait 400 a daƙiƙa idan komai na tafiya daidai. Terabait 18 shi ne megabait 18,000,000. A raba da 400, a sami daƙiƙa 45,000, wato awa 12 da rabi kafin a gama karanta akwati ɗaya da ya cika. Wannan gudu ne mai kyau ga wanda ke kwasar bayanai masu yawa a jere. Ga jami'in da layin motoci ke jiransa, yini guda ne ya tafi.

Dalili na biyu shi ne yanayi. Masu ƙera tef na cewa yana iya kai shekara 30, amma da sharaɗin a ajiye shi a wuri mai sanyi, tsakanin digiri 16 da 25, babu laima mai yawa, babu ƙura. A Katsina zafin bazara yana haura digiri 40. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ta karce zare, ta toshe kan na'ura. Laimar damina kuma na lalata gam ɗin da ke riƙe ƙwayoyin a jikin ledar, har zaren ya riƙa mannewa.

Dalili na uku shi ne hannun mutum. Wani zai canza akwati kullum, ya rubuta masa lamba, ya kai ma'ajiya. Mantuwar rana ɗaya ta isa ta bar giɓi, kuma sau da yawa ba a gane giɓin sai ranar buƙata.

Dalili na huɗu shi ne tsufan na'ura. Har zuwa LTO na bakwai, kowace na'ura na karanta tef na tsara biyu da suka gabace ta. Na takwas da na tara tsara ɗaya kawai suke komawa baya. Ma'aikata na iya wayar gari da ɗaki cike da tef masu lafiya, amma babu na'urar da za ta karanta su.

Mataki na huɗu: Abin da ya maye gurbinsa

Na farko shi ne faifai mai juyawa. Shi ma da maganaɗisu yake aiki, sai dai an shimfiɗa ƙwayoyin a kan faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kai kuma na tsallakawa kai tsaye zuwa inda bayanin yake, cikin ɗan ɓangaren daƙiƙa. Na farkonsa shi ne na IBM a 1956, mai faranti 50, wanda ke ɗaukar harafi miliyan 5 kacal.

Na biyu shi ne ma'ajiyar filasha, irin ta cikin wayoyinku da memori. Babu abin da ke motsi a cikinta. Ƙwayoyin lantarki ake kullewa a ƙananan ɗakuna. Ta fi faifai sauri, ta fi shi tsada, kuma idan aka bar ta dogon lokaci babu wuta, musamman a zafi, cajin na iya zirarewa. Don haka ba ta dace da taskar shekaru ba.

Na uku shi ne abin da ake kira gajimare. Sunan ne kawai: gine-gine ne cike da faya-fayai a wani gari, ana aika musu bayanai ta intanet, ana biyan haya. Kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan hidima mai suna S3 a 2006. A gida Najeriya, kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yana da cibiyoyin ajiyar bayanai a Abuja da Kano.

Abin da ya sa faifai ya iya gogayya da tef a farashi dabara ce ta rage maimaici. Mu ƙaddara wani kamfanin fiton kaya a Jibiya yana da bayanai gigabait 500, kuma gigabait 5 ne ke sauyawa a kullum. Idan yana kwafe komai kowane dare har kwana 30, zai cinye gigabait 15,000. Idan ya kwafi duka sau ɗaya, sannan ya riƙa ɗaukar abin da ya sauya kawai, lissafin shi ne 500 a tara da 29 sau 5, wato gigabait 645. Manhajojin zamani sun wuce nan: suna yanka bayani gutsi-gutsi, su ba kowane gutsure lamba ta musamman, duk wanda suka taɓa gani ba sa sake ajiye shi. Wannan aiki na buƙatar tsalle nan da can cikin ma'ajiya, abin da faifai ya iya, tef kuwa bai iya ba.

Mataki na biyar: Mu gwada kowace hanya a ƙasar Jibiya

A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya cikin dare. Ambaliyar ta ci rayuka fiye da 40, ta rusa ɗaruruwan gidaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku yi tunanin ofishin da kwamfutarsa ke kan tebur, faifan kwafinsa kuma ke cikin durowar wannan teburin. Ruwan da ya ci ɗaya shi zai ci ɗayan. Darasi na farko: dole wani kwafi ya yi nisa.

Wani zai ce a tura komai gajimare. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya na cikinsu, aka yi makonni babu kira babu intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka ji a jikinsu. Ko da akwai sabis, ku yi wannan lissafi: terabait ɗaya shi ne megabit 8,000,000. A layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa, saukar da shi zai ci daƙiƙa 800,000, sama da kwana 9. Gigabait 5 na kullum kuwa bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Aikawa kaɗan-kaɗan abu ne mai sauƙi. Dawo da duka lokaci ɗaya shi ne aikin. Darasi na biyu: dole wani kwafi ya kasance kusa, a hannu.

Gajimaren kansa gini ne, gini kuwa yana ƙonewa. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa. Waɗanda kwafinsu ke harabar da ainihin bayanan suke, sun yi asarar duka biyun.

Sai babban misali, wanda ya shafi fiton kaya kai tsaye. A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shiga kwamfutocin Maersk, katafaren kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Denmak. Ta bi layi ta lalata dubban kwamfutoci, tashoshin jiragen ruwa suka tsaya, motoci suka yi cincirindo a ƙofa. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu duk a haɗe suke, kowace na zaman kwafin 'yar'uwarta, don haka tare suka mutu. Guda ɗaya ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga layi. Aka ciro faifanta, wani ma'aikaci ya kawo shi Najeriya ta jirgi, wani ya karɓa ya wuce da shi Landan, da shi aka sake gina tsarin. Asarar kamfanin ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Darasi na uku: dole wani kwafi ya zama a yanke daga layi, kuma da gangan za a yanke shi, ba a jira sa'ar ɗauke wuta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mataki na shida: Ƙa'idar 3-2-1 da matsayin tef a yau

Waɗannan darussa su ne ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Saboda masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa, yanzu ana ƙara sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya zama wanda ba a iya gogewa ko sauyawa har zuwa wa'adin da aka yanka masa.

A ofishinmu na misali, kwafi na farko shi ne wanda ake aiki da shi. Na biyu yana kan faifai a ofis, a wuri mai tudu, da sola da batir a bayansa, yana ɗaukar sauyi kowace awa. Na uku yana tafiya ta intanet zuwa wata cibiya a Kano ko Abuja, a kulle da lambar sirri.

Shin tef ya mutu ke nan? A'a. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwatin da ke kan kanta ba ya shan wuta, kuma mai kutse ba ya iya isa gare shi ta intanet. A 2011 wani kuskuren manhaja ya goge saƙonnin dubban masu amfani da Gmail, kamfanin Google ya dawo da su daga tef. Cibiyar binciken CERN da ke Jeniba har yau a tef take taskace ɗimbin bayananta. Abin da ya faru shi ne an sauya wa tef aiki: an karɓe kwafin gaggawa daga hannunsa, an bar masa taskar tarihi.

Mataki na bakwai: Yadda ake ƙaura daga tef

1. A ƙidaya dukkan tef, a san abin da ke cikin kowanne da tsararsa.
2. A ware bayanan gaggawa daga na tarihi, a amsa tambayoyi biyun nan na mataki na ɗaya ga kowane rukuni.
3. A kafa sabon tsarin, a bar tsohon na aiki tare da shi har sai an gamsu.
4. A kwashe tsofaffin tef tun na'urar da ke karanta su na da rai.
5. A kulle komai da lambar sirri, a ajiye mabuɗin a wani wuri daban. Dokar Kare Bayanan Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.
6. Tef ɗin da aka gama da shi a goge shi da na'urar maganaɗisu ko a daddatsa shi, kada a zubar a bola.
7. A sa ranar gwaji a kalanda, a dawo da bayanai da gaske, a duba agogo, a rubuta sakamako.

Gwajin aji

Na ɗaya: ɗalibi ɗaya ya nemo waƙa ta biyar a kaset ta hanyar juya zare da biro, wani ya nemo waƙa ta biyar a waya. A auna lokacin kowanne. Na biyu: a naɗi muryar ɗalibi a kaset, a zaro ɗan zaren, a goga masa maganaɗisun lasifika sau da yawa, a sake saurare. A rubuta abin da aka ji da dalilinsa.

Kammalawa

Ɗalibai, mun ga cewa kowace ma'ajiya na da abin da ke kashe ta: tef yana da jinkiri da tsoron zafi, faifai yana layi ɗaya da mai kutse, gajimare ba ya amsawa in babu sabis. Gwanintar ma'aikaci ita ce ya haɗa su ta yadda musiba ɗaya ba za ta same su duka ba. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Jibiya zai bi. Kaya za su ƙaru, rubutu zai ƙaru, kuma ina fata a cikinku ne za a sami masu riƙe wannan amana. Idan ranar ta zo, ku riƙe abu na bakwai a jerin da muka rubuta fiye da kowanne. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai ake yi yana nan, direban da dabbobinsa ke rana a Magama kuwa ba zato zai sallame shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auna fahimta

1. Bayyana yadda kan na'ura ke rubuta 0 da 1 a jikin tef.
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa ake barin tef wajen kwafin yau da kullum.
3. Awa nawa za a ɗauka wajen saukar da gigabait 90 a layi mai megabit 20 a daƙiƙa?
4. Me ya tserar da kwamfutar Maersk da ke Ghana, kuma wace ƙa'ida muka koya daga nan?
5. Me ya bambanta kwafin gaggawa da taskar tarihi?

Aikin gida

Ka ziyarci wani shago, asibiti ko ofis a unguwarku, cikin ladabi ka tambayi yadda suke adana bayanansu. Ka zana musu tsarin 3-2-1 a shafi ɗaya, ka nuna inda kowane kwafi zai zauna, da abin da zai faru da shi idan aka yi ambaliya, ko aka ɗauke sabis na mako guda.